Ajalin Ayrton Senna: Tsautsayi, Sakaci ko Maƙarƙashiya?

Da ƙarfe 2:17 na ranar Lahadi, 1 ga Mayu 1994, motar tsere ta kamfanin Williams mai lamba 2 ta shigo kwanar Tamburello a filin Imola da ke arewacin Italiya, tana gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Tamburello doguwar kwana ce mai karkata hagu, wadda direbobin gasar Formula One suka saba wucewa ba tare da sassauta totur ba. Motar ta fara bin kwanar lafiya lau, sai kawai ta miƙe ɗoɗar, ta bar kwalta, ta nufi katangar kankare. Cikin abin da bai kai sakan biyu ba direban ya danne birki, ya rage gudun zuwa wajen kilomita 210. Hakan bai wadatar ba. Tayar gaba ta dama ta ɓalle ta dawo masa a ka, wani ƙarfe daga cikin waɗanda ke riƙe da ita ya huda hular kwanonsa ta saman idon dama.

Direban shi ne Ayrton Senna da Silva, ɗan ƙasar Brazil mai shekara 34, zakaran duniya har sau uku. Miliyoyin mutane na kallo kai tsaye a talabijin lokacin da kansa ya ɗan motsa a cikin motar, daga nan bai ƙara motsi ba.

Sama da shekara talatin ke nan, amma har gobe ana musu kan abin da ya fitar da motar daga hanya. Wasu sun ce sandar sitiyari ce ta karye. Wasu sun ce iskar taya ce ta ragu. Akwai masu cewa kuskuren direba ne, akwai kuma waɗanda za su rantse maka kashe shi aka yi. A nawa ganin, babu wata hujja ko ƙanƙanuwa da ke nuna an shirya kashe Senna. Amma wanda ya ce duk masu zargi sambatu suke yi, shi ma bai yi adalci ba. Manyan da ke riƙe da wannan wasa sun yi abubuwa a ranar da kuma bayanta waɗanda dole su sa mai hankali ya tsaya ya yi tambaya, kuma a guraben da suka bari ne jita-jita ta samu wurin zama.

Wane ne aka rasa

Sai mutum ya san matsayin Senna kafin ya gane abin da ya sa mutuwarsa ta ƙi shiga kan jama'a. An haife shi a Sao Paulo ranar 21 ga Maris 1960, ya shiga Formula One a 1984, ya ci kambun duniya a 1988 da 1990 da 1991 yana tuƙa wa McLaren. Ya lashe tsere 41, sau 65 kuma shi ne ya fi kowa sauri a gwajin share fage, ya tashi daga gurbin farko. In ana ruwan sama kuwa, babu mai ganin ƙurarsa. A Brazil ta wancan zamani tsadar kaya ta cinye albashin ma'aikaci, shugaban ƙasa Fernando Collor ya sauka a 1992 cikin zargin cin hanci, kuma rabon ƙasar da kofin ƙwallon ƙafa na duniya tun 1970. Senna ne yake sa talaka ya tashi da safiyar Lahadi ya kunna talabijin, ya ga ɗan ƙasarsa ya kayar da Turawa ya zagaya fili da tutar Brazil a hannu. Mutumin da aka ɗauka ba ya kuskure, da wuya a yarda cewa kuskure ne ya kai shi kabari. Da wuya kuma a yarda cewa guntun ƙarfe ne ajalinsa.

A 1994 ya koma Williams, kamfanin da motarsa ta gagari kowa a shekaru biyun da suka gabata. Sai dai ya zo a makare. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta haramta na'urorin lantarki da ke daidaita tsayin mota daga ƙasa da masu hana taya sulɓewa, waɗanda su ne sirrin ƙarfin Williams. Sabuwar motar, FW16, ta fito da gardama, ba ta zama daram a kwana. Senna ya koka da ita tun a gwaji. A tseren farko a gida Brazil motar ta juya da shi yana bin Michael Schumacher. A na biyu, a filin Aida na Japan, aka buge shi a kwanar farko. Ya iso Imola ba shi da maki ko ɗaya, Schumacher na da 20.

Kwana uku na baƙin ciki

Ranar Juma'a ɗan ƙasarsa Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari, motarsa ta tashi sama ta daki shinge, ya tsira da raunuka. Ranar Asabar fiffiken gaban motar Roland Ratzenberger, ɗan Ostiriya mai tuƙa wa ƙaramin kamfanin Simtek, ya karye, motar ta daki katanga a kwanar Villeneuve da gudun sama da kilomita 300. Ya rasu. Rabon da direba ya mutu a ranakun tseren Formula One tun 1982. Senna ya je wurin da kansa, ya kuma yi kuka a gaban babban likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, wanda ya ba shi shawarar ya ajiye tseren haka nan su tafi kamun kifi. Senna bai karɓi shawarar ba.

Ranar Lahadi tun daga tashi aka fara da matsala. Motar JJ Lehto ta mutu a kan layi, Pedro Lamy ya taho a guje ya dake ta ta baya, tarkace suka tsallake shinge suka raunata 'yan kallo. Maimakon a tsayar da tseren, sai aka fito da motar jagora, wata Opel Vectra, ta shiga gaba tana jan ayarin a hankali har a share hanya. Wannan mota ba ta da gudun da ya dace da aikin. Senna ya matso kusa da ita yana yi wa direbanta alamar ya ƙara wuta. Aka sake su a zagaye na shida. A na bakwai abin ya faru.

Watkins da mutanensa suka ciro shi, suka buɗe masa hanyar numfashi ta maƙogwaro a nan gefen hanya, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibitin Maggiore da ke Bologna. Ma'aikatan da suka duba motar daga baya sun sami tutar Ostiriya a naɗe a ciki. Ya yi niyyar ɗaga ta ne in ya gama tseren, don tunawa da Ratzenberger.

Yaushe ya cika?

Zargi na farko, kuma wanda ya fi zafi a zukatan mutanen Brazil, shi ne cewa Senna ya mutu nan take a fili, aka ɓoye don kada a fasa tseren. Masu wannan magana suna cewa a tsarin shari'ar Italiya, da zarar an tabbatar da mutuwa a wurin wasa, hukuma na iya rufe wurin ta fara bincike, wanda hakan zai jawo asarar kuɗin talabijin da na tallace-tallace. Suna ƙarawa da cewa an yi haka ga Ratzenberger ranar Asabar: sai da aka kai shi asibiti aka sanar da rasuwarsa, shi ya sa aka samu damar yin tseren Lahadi. Da an rufe filin tun ranar Asabar, in ji su, da Senna bai shiga mota ba.

Ga abin da aka tabbatar. Dokta Maria Teresa Fiandri ce ta sanar da rasuwar a asibiti da ƙarfe 6:40 na yamma, bayan zuciyarsa ta tsaya. Shi kuma Watkins ya faɗa daga baya cewa tun da ya buɗe idanun Senna a gefen hanya ya san ƙwaƙwalwar ta samu raunin da ba a tashi. Waɗannan maganganu biyu ba sa karo da juna. Ƙwaƙwalwa na iya mutuwa zuciya ta ci gaba da bugawa na wasu awoyi da taimakon na'ura, kuma babu likitan kirki da zai ayyana mutuwar mutum alhali zuciyarsa na aiki. Saboda haka ban ga dalilin tuhumar likitocin da ƙarya ba.

Inda zargin yake da ƙarfi shi ne shawarar ci gaba da tseren. Ba a cika minti 40 ba aka sake tayar da motoci, ga jini a gefen Tamburello, ga kuma mutanen da ke da iko sun san halin da mutumin yake ciki. Schumacher ya ci, Nicola Larini ya zo na biyu, Mika Hakkinen na uku. Kafin a gama ma sai da tayar motar Michele Alboreto ta fice a layin gareji ta raunata makanikai. Dangin Senna ba su yafe wannan ba. Bernie Ecclestone, mai riƙe da harkar kuɗin gasar, bai samu halartar jana'izar ba saboda iyalin ba sa son ganinsa. Ba a ɓoye gawa ba, amma an fifita wasa a kan alhini, kuma wanda ya ga an yi haka ba zai yi wuyar yarda da cewa an yi abin da ya fi haka muni ba.

Sandar sitiyari

Nan ne zuciyar maganar take. Senna ya yi ta ƙorafi cewa wurin zaman motar ya matse shi, hannuwansa na gogar jikinta in yana juya sitiyari. Ya nemi a canja masa matsayin sitiyarin. Maimakon a ƙera sabuwar sanda, sai injiniyoyin Williams suka yanke wadda ke akwai, mai kaurin milimita 22, suka saka wani guntu mai kaurin milimita 18 a tsakiya suka yi masa walda. Bayan haɗarin, an ga sitiyarin a ajiye a gefen motar da guntun sandarsa a jiki. Ta karye ne daidai wurin da aka yi gyaran.

Mai gabatar da ƙara Maurizio Passarini ya miƙa sandar ga masana, cikinsu har da Farfesa Enrico Lorenzini na Jami'ar Bologna. Suka gano cewa ƙarfen ya riga ya gaji, akwai tsagewar da ta daɗe tana ci a hankali tun kafin ranar. Duk bakaniken da ya san aikinsa ya san bambancin ƙarfen da ya karye da duka ɗaya da wanda ya daɗe yana tsagewa, domin fuskar karayar ba iri ɗaya ba ce. Hujjar masu ƙara ita ce, a Tamburello, inda nauyin iska da gudun mota da gargadar kwalta suka haɗu a kan sitiyari, sandar ta ƙarasa karyewa ko ta lanƙwashe, Senna ya juya hagu tayoyi ba su amsa ba, bai da sauran abin yi sai birki. Cibiyar kwamfuta ta Cineca da ke Bologna ta bi hoton bidiyon cikin motar tana auna motsin wani maɓalli rawaya da ke kan sitiyarin, masu ƙara suka ce a sakan na ƙarshe maɓallin ya sauka ƙasa fiye da yadda ya kamata. Alboreto, wanda shi ma ya taɓa yin haɗari a wannan kwana, ya shaida wa kotu cewa ba a fita daga Tamburello sai in wani abu ya lalace a mota.

Williams ba su musa cewa sandar ta karye ba, ba su kuma musa tsagewar ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne lokaci: sun ce dukan katanga ne ya ƙarasa ta. Suka kawo bayanan na'ura da a cewarsu ke nuna akwai sauran ƙarfi a kan sitiyarin har zuwa lokacin karon, suka kuma nuna bidiyon direbansu David Coulthard yana girgiza sitiyarin irin wannan mota don a ga cewa motsin ba baƙon abu ba ne. Bayaninsu shi ne, tafiyar hawainiyar da aka yi a bayan motar jagora ta sa tayoyi sun huce, iskarsu ta ragu, motar ta ƙara kusantar ƙasa. Da cikinta ya daki tudun kwalta a tsakiyar kwana, iskar da ke danne ta ƙasa ta yanke, bayanta ya zame, Senna ya yi ƙoƙarin gyarawa, sai tayoyi suka sake kama ƙasa suka cilla shi dama. Schumacher da ke biye da shi ya ce ya ga cikin motar na dukan ƙasa sosai a wurin tun a zagayen da ya gabata.

Wannan bayani yana da rauninsa. Idan sanyin taya ne, me ya sa motar ta wuce Tamburello lafiya a zagaye na shida, lokacin da tayoyin suka fi sanyi, har Senna ya yi ɗaya daga cikin zagaye mafi sauri na duk tseren, sai a na bakwai ta kuɓuce? Adrian Newey, wanda ya zana motar, ya kawo wata amsa shekaru bayan haka. Ya yarda cewa gyaran sandar aiki ne marar kyau, kuma da ko ba jima ko ba daɗe za ta karye, amma ya ce bayan motar ne ya fara zamewa, abin da bai yi kama da karyewar sitiyari ba, kuma ya fi zaton tayar baya ta dama ce ta taka tarkacen haɗarin farko tana sacewa a hankali. Damon Hill, abokin tuƙin Senna a Williams, ya ce shi a ganinsa Senna ya matsa wa motar fiye da abin da za ta iya ɗauka a wannan yanayi. Maganar ta ɓata wa mutane da yawa rai, amma Hill ne kaɗai mutumin da ya tuƙa irin wannan mota ta wannan kwana a wannan rana. Abin lura kuma, kafin a sake tayar da tseren, Williams sun kashe na'urar da ke sauƙaƙa juya sitiyari a motar Hill. Ke nan su ma tun a lokacin hankalinsu ya kai ga sitiyarin.

Akwatunan bayanai da hoton da ya yanke

Da a ce an bar shaidu yadda suke, da watakila an kashe wannan musu cikin wata guda. Motar na ɗauke da akwatunan naɗar bayanai guda biyu, ɗaya na Williams, ɗaya na Renault masu injin. Da aka dawo da tarkacen motar, jami'in FIA Charlie Whiting ya ba da izinin a cire akwatunan a ba kamfanonin, bisa dalilin cewa ana so a duba ko akwai matsalar da za ta iya shafar motar Hill. Dalilin yana da ma'ana. Amma sakamakonsa shi ne, shaida mafi muhimmanci ta faɗa hannun waɗanda za a tuhuma kafin ta isa hannun masu bincike. Lokacin da akwatin Williams ya iso wurin hukuma bayan makonni, ba ya karantuwa. Kamfanin ya ce karon ne ya lalata shi. Wani jami'in filin ya shaida wa kotu cewa shi da ya ga akwatunan ana cire su, ban da 'yan ƙuje-ƙuje bai ga wata ɓarna ba. Na Renault kuwa an kwafe abin da ke ciki, sannan aka sake amfani da shi har bayanan asali suka goge. Abin da kotu ta yi aiki da shi kwafi ne da ya biyo ta hannun kamfani.

Sai maganar kyamarar da ke kan motar. Hotonta ya nuna Senna yana shiga kwanar, sannan ya yanke sakan ɗaya da 'yan kai kafin karon. Ma'aikatan talabijin na kamfanin Ecclestone sun ce a wancan zamani kyamarori kaɗan ake iya karɓar hotonsu a lokaci ɗaya, kuma daidai wannan lokaci suka sauya zuwa motar Ukyo Katayama domin babu kowa a gaban Senna da za a nuna. Mai yiwuwa ne haka abin yake. Amma kaset ɗin ya ɗauki watanni kafin ya isa hannun masu bincike, kuma Passarini ya fito fili ya nuna bai gamsu da shaidar ma'aikatan ba.

Ban ce an goge hoto da gangan ba, ban kuma ce an fasa akwati da guduma ba, domin kotu ba ta tabbatar da ko ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne, in akwati ya lalace, na biyu ya goge, hoto ya yanke a daidai sakan ɗin da ake nema, kuma duka ukun sun kwana a hannun masu ruwa da tsaki, to biri ya yi kama da mutum, ko da kuwa kowannensu yana da bayanin da ya dace da shi. Hakkin masu iko ne su tsare shaida ta yadda ba sai an dogara da kalmarsu ba. Ba su yi hakan ba.

Labaran da ba su da tushe

Daga nan sai maganganu suka yi rassa. An ce wani maharbi ne ya harbe shi daga cikin itatuwan gefen fili, ana kafa hujja da hujin da ke jikin hularsa. Binciken gawa da aka yi a Bologna ya danganta raunukan da duka da kuma ƙarfen motar, ba a sami harsashi ba, kuma hular ta yi shekara da shekaru a hannun hukumomin Italiya, waɗanda su ne suka fi kowa neman wanda za su kama da laifi. An ce suma ya yi a cikin mota. Bayanan injin sun nuna ya sassauta totur, sannan ya taka birki da ƙarfi, wanda sumamme ba ya yi. An ce manyan gasar ne suka kawar da shi saboda a safiyar ranar yana ƙoƙarin farfaɗo da ƙungiyar direbobi don neman ƙarin tsaro. Gaskiya ne ya yi wannan magana da takwarorinsa. Amma a lokacin Alain Prost ya yi ritaya, Nelson Piquet ya tafi, Nigel Mansell yana tsere a Amurka. Senna ne kaɗai zakaran duniya da ya rage a fili, shi ne mai jawo 'yan kallo da kuɗi. Babu wanda ya yi asararsa ta fuskar kasuwa kamar mutanen da ake zargi.

Akwai kuma batun Benetton, kamfanin da Schumacher ke tuƙa wa, wanda ake yawan cakuɗa shi da mutuwar. Bayan an fitar da shi a Aida, Senna ya tsaya a gefen hanya yana sauraron ƙarar injin motar Schumacher, ya kuma yi zargin tana amfani da na'urar da aka haramta. Bayan Imola, FIA ta binciki manhajar kwamfutar motar, ta sami wani ɓoyayyen tsari mai taimaka wa mota tashi da sauri, wanda ake isa gare shi ta zaɓi na 13. Benetton ta ce na gwaji ne kawai, hukumar kuma ta ce ba ta da hujjar an yi amfani da shi a tsere. Zargin Senna ke nan yana da madafa. Mai yiwuwa ne ya sa shi tuƙi da zuciyar wanda yake ganin ana cutarsa. Amma daga nan zuwa cewa wani ya taɓa motarsa, tafiya ce mai nisa wadda babu shaidar da ta taka.

Abin da ya fi damuna da irin waɗannan labarai shi ne amfanin da suke yi wa masu amsa tambaya. Duk lokacin da aka kawo zancen maharbi, sai mai tambaya kan walda da akwatin bayanai ya shiga sahu ɗaya da masu tatsuniya, a yi watsi da su gaba ɗaya.

Shekara goma ana shari'a

An fara shari'a a Imola a watan Fabrairu 1997, a gaban alƙali Antonio Costanzo. Mutum shida aka tuhuma da kisa ba da ganganci ba: Frank Williams, Patrick Head da Adrian Newey daga kamfanin Williams, Federico Bendinelli da Giorgio Poggi daga masu kula da filin, sai Roland Bruynseraede na FIA. Tun kafin a zauna, duniyar tseren ta nuna fushinta. Flavio Briatore na Benetton ya yi barazanar ƙaurace wa tsere a Italiya in aka ɗaure wani. Hujjarsu ita ce wasa ne mai haɗari wanda kowa ya shiga da saninsa, kuma in injiniya zai fuskanci kurkuku kan kowane ƙarfe da ya karye, babu mai zuwa. Ana iya fahimtar wannan tsoro. Sai dai ya sa shaidu da dama sun zo kotu a ɗarare, kamar masu kare gida daga baƙo.

A ƙarshe Passarini da kansa ya nemi a saki Frank Williams da jami'an fili, ya nemi ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka ga Head da Newey. Ranar 16 ga Disamba 1997 alƙali ya sallami kowa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 1999. A 2003 kotun ƙoli ta soke wannan hukunci ta ce a sake dubawa. A 2005 aka wanke Newey, aka ce wa'adin da doka ta ba da na hukunta Head ya wuce. Head ya ɗaukaka ƙara yana neman a wanke shi sarai. Ranar 13 ga Afrilu 2007 kotun ƙoli ta ƙi, ta ce karyewar sandar sitiyari ce ta jawo haɗarin, gyaran da aka yi mata an tsara shi ba daidai ba an kuma aiwatar da shi ba daidai ba, kuma alhakin rashin sa ido yana kan Head. Ba a ɗaure kowa ba.

Tamburello kanta ba baƙuwar haɗari ba ce. Piquet ya daki katangarta a 1987, motar Gerhard Berger ta kama da wuta a wurin a 1989. Berger ya ba da labarin yadda shi da Senna suka taka har wurin don ganin ko za a iya matsar da katangar baya, suka leƙa suka ga kogin Santerno a bayanta, suka haƙura. Bayan mutuwar Senna ba a cika shekara ba aka mayar da kwanar mai lanƙwasa biyu da ke tilasta rage gudu. Aka saka katako a ƙarƙashin motoci don hana su kusantar ƙasa, aka ɗaga gefen wurin zaman direba, daga baya aka ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi don kada su tashi, aka wajabta na'urar tallafe wuya a 2003. Ba a sake rasa direba a tseren Formula One ba sai Jules Bianchi, wanda ya yi haɗari a Suzuka a 2014 ya rasu a 2015. Yawancin waɗannan gyare-gyare ba sabon ilimi suke buƙata ba. Sun jira ne har sai da aka rasa wanda duniya ba za ta iya kau da kai daga gare shi ba.

Ratzenberger shi ne shaidar haka. Babu wanda ya ƙirƙiro masa labarin maharbi, babu wanda ya shekara goma a kotu saboda shi. Lokacin da Brazil ta yi zaman makoki na kwana uku, jama'a suka cika titunan Sao Paulo maƙil aka kai Senna maƙabartar Morumbi ranar 5 ga Mayu, Prost da Berger da Hill da Emerson Fittipaldi na cikin masu rakiyar akwatin, 'yan tsiraru ne daga duniyar tseren suka je jana'izar ɗan Ostiriyan a Salzburg. Shugaban FIA Max Mosley na cikinsu, ya kuma ce ya je ne domin kowa ya tafi ta Senna.

A takardun shari'ar Italiya, amsar tambayar ita ce sandar sitiyari da sakacin sa ido, kuma ni ma nan na fi karkata, domin a nan ne kaɗai ake da ƙarfe a hannu mai tsagewar da kowane ɓangare ya amince da ita. Newey, wanda ya fi kowa sanin motar, bai yarda cewa ita ce ta fitar da Senna daga hanya ba, ko da yake ya rubuta a littafinsa na 2017 cewa yana jin nauyin alhakin mutuwar a kansa. Da motar tana nan, da na'urorin bincike na yau sun iya raba gardamar. A 2002, shekara biyar kafin hukuncin ƙarshe, hukumomin Italiya suka mayar wa Williams abin da ya rage na FW16, kamfanin ya lalata ta. Hular kwanon kuma aka mayar wa kamfanin Bell da ya ƙera ta, aka ƙone ta.